Wata Tara a Gurbin Wata

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe nakan gama shiri, in zauna a bakin gado da waya a hannu, takalmi a ƙafa, jaka a gefe. Shekara biyu cur haka rayuwata ta kasance a Landan. In waya ta yi ƙara, sai in ji muryar wata daga kamfanin da ke tura malamai makarantu: makaranta kaza malaminsu ya kwana ba lafiya, aji kaza, ki isa kafin takwas da rabi. Sai in fita da sauri ina duba hanyar bas a waya. In kuwa har takwas ta gota shiru, to ranar babu aiki, babu kuma ko kwabo.

Wannan shi ne aikin cike gurbi na kullum-kullum, kuma ban shige shi don rashin takarda ba. Na samu shaidar koyarwa ta Ingila, wadda ake kira QTS, a 2019, na riƙe aji na kaina shekara biyu a wata firamare. Da na haifi ɗana na biyu sai ya zo da lalurar da ke sa mu yawan zuwa asibiti, na ga ba zan iya riƙe aji da gaskiya ba alhali kowane mako ina neman izini. Na ajiye aikin, na yi rajista da kamfani, suka yi mini binciken DBS da ake yi wa duk mai aiki da yara, na fara karɓar kira.

Ba zan kushe wannan aiki ba, domin ya rufa mini asiri a lokacin da nake buƙata. Ranar asibiti sai in ce ba na nan, ba mai tuhumata. Uku da rabi na yamma in duba littattafan ranar, in bar wa mai aji 'yar takarda a kan tebur, in kama hanyar gida ba tare da na ɗauko aikin kowa ba. Amma akwai abin da ya riƙa cin raina a hankali. Ban taɓa ganin ƙarshen abin da na fara ba. In koya wa yara rabin darasi yau, gobe ina wata unguwa. Katin baƙi ake rataya mini a wuya. A ɗakin malamai ban san kujerar da zan zauna ba tare da na tare wa wani wuri ba. Yara talatin a gabana, kafin in riƙe sunan goma an buga ƙararrawar tashi.

A hutun tsakiyar zango na Oktoban 2023 aka kira ni da wata magana dabam. Wata firamare a gabashin Landan na neman wadda za ta riƙe aji huɗu, yara 'yan shekara takwas zuwa tara, har ƙarshen shekarar karatu a Yuli. Malamar ajin tana da juna biyu, likita ya kwantar da ita tun tsakiyar Satumba, daga nan kuma za ta zarce hutun haihuwa, wanda a ƙasar nan mace na iya ɗauka har mako 52.

Da dare na gaya wa maigida. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Maman yara, kin san wannan ba irin wancan ba ne. Za ki koma kwana kina duba littattafai." Na ce na sani. Ya ce to ranakun asibiti a bar masa, tunda jikin yaron ya yi sauƙi. Washegari na kira wata dattijuwa da muke ce wa Anti, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a nan kafin ta yi ritaya. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "'Yata, ki karɓa. Amma abu biyu. Ranar da kika shiga ajin nan ki manta da cewa aro aka ba ki, yaran amana ne a hannunki. Sannan ki buɗe littafi ki riƙa ƙirga makonninki, in kin kai goma sha biyu ki kira ni." Ban gane na biyun sosai ba a lokacin, amma na rubuta.

Ranar Litinin ta farko na tarar da ajin da malamai iri-iri suka yi ta ratsawa mako shida. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san kamannin irin wannan aji. Littattafai an fara aiki ba a ƙarasa ba, rubutun malamai kala-kala a gefen shafi, allon bango har yanzu da zanen makon farko na Satumba. Yaran ba miyagu ba ne, gajiya suka yi da sababbin fuskoki. Ina cikin kiran suna sai wani yaro da ke zaune kusa da taga, bai ko ɗaga hannu ba, ya ce, "Mis, ke yaushe za ki tafi?" Na ajiye rajistar. Na je wurin kalandar bango, na buɗe shafi bayan shafi har Yuli, na zagaye ranar rufe makaranta da jan biro. Na ce, in Allah ya ba ni lafiya, sai wannan rana. Ya dubi kalandar, ya dube ni, bai ce komai ba. Sai da aka yi kusan wata guda kafin ya daina gwada ni.

Nan na fara gane nauyin da na ɗauka. Mai cike gurbi na kwana ɗaya darasin da aka bar masa yake koyarwa. Mai dogon zama kuwa shi ne malamin aji, ba ragi. Ni ke tsara darussan mako tare da malamar ɗaya ajin huɗun, ni ke duba littattafai, ni ke shigar da sakamakon gwaji a kwamfuta, ni ke tsaron filin wasa ranar da layi ya zo kaina, ni ke zama taron malamai bayan an tashi. A makarantun da ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi, malamin aji na da haƙƙin kashi 10 cikin 100 na lokacin koyarwarsa don shirya darasi da duba aiki. Tun makon farko na tambayi shugabar makarantar ko za a ba ni wannan lokaci, ta ce ai dole, ta sa mini yammacin Laraba. Duk wanda zai karɓi irin wannan aiki ya yi wannan tambaya kafin ya amsa, domin in aka ɗora maka tsara darasi ba a ware maka lokacinsa ba, daga barcinka za a cire.

Wadda ta fi kowa taimakona ita ce mataimakiyar ajin, mace mai shekaru da ta daɗe a makarantar. Ita ta nuna mini akwatin da ake ajiye abin shaƙar masu asma, ta gaya mini yarinyar da ba ta cin gyaɗa ko kaɗan, da yara biyun da bai kamata su zauna tebur ɗaya ba, da uban da kotu ta hana ya ɗauki ɗansa daga makaranta. Akwai kuma yaro mai takardar EHCP, wato tsarin da ƙaramar hukuma ke rubuta wa yaro mai buƙata ta musamman, wanda doka ta wajabta a bi. Na zauna da malamar da ke kula da wannan fanni muka bi takardar layi-layi. Yaron ba ya jure canji ba zato, don haka kowace safiya sai na jera masa hotunan abin da za a yi a ranar, ɗaya bayan ɗaya. A shekara biyun da na yi ina yawo na shiga azuzuwa da yawa masu irin wannan yaro, kuma na san akwai waɗanda na wahalar ba da sanina ba, don ba wanda ya samu lokacin yi mini bayani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a watan Janairu.

Yaron nan na bakin taga, zuwa lokacin mun saba. Na san rubutunsa, na san yana son lissafi, na san shi ke fara fita in an buga ƙararrawa. Bayan hutun Kirsimeti sai na ga ya canza. Yana zuwa a makare. Rigar makarantarsa guda ce duk mako, da tabon miya a hannun dama tun Litinin har Juma'a. Sau biyu barci ya ɗauke shi a darasin karatu. A ɗakin cin abinci na lura yana sa burodi a aljihu. Ko wanne daga cikin waɗannan shi kaɗai ba komai ba ne, kuma da a ce ranar na fara ganinsa da na ɗauka haka yake. Amma na san yaron Nuwamba, wannan ba shi ba ne. Na rubuta abin da na gani na miƙa wa jami'ar kare yara ta makarantar, kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Bayan kwana biyu, an fita tara, ya tsaya yana gyara fensira a gwangwani, aikin da ba wanda ya sa shi. Ya ce, "Mis, in na gaya miki wani abu ba za ki faɗa wa kowa ba?" Zuciyata ta buga. Kowane ma'aikacin makaranta a Ingila da ke aiki da yara kai tsaye sai ya karanta kashin farko na kundin gwamnati kan kare yara, kuma horon da ake ba mu a fili yake: ba a yi wa yaro alkawarin rufe sirri, ba a sa masa magana a baki, ba a bincike da kai. Na durƙusa daidai tsayinsa na ce masa zan saurare shi da kyau, amma in abin ya shafi lafiyarsa sai na gaya wa wadda za ta iya taimako, kuma ba zan gaya wa kowa ba sai ita. Na ɗauka zai fasa. Ya daɗe yana juya fensir a hannu, sannan ya ce mahaifiyarsa ba ta iya tashi daga gado, shi ke shirya ƙannensa biyu da safe, shi ke nema musu abin da za su ci, kuma ta ce kada ya faɗa don kada a raba su.

Na gode masa da ya gaya mini. Na rubuta maganarsa da kalmominsa, na sa rana da lokaci, kafin a dawo daga tara takardar na hannun jami'ar. Daga nan aikin ya bar hannuna, haka kuma ya dace. Abin da aka sanar da ni shi ne an kai wa iyalin taimako, uwar ta samu magani, yaran suna gidansu. Aka sa shi cikin masu karin kumallo a makaranta. Ranar da na koma gida bayan wannan magana, a tashar bas na tsaya hawaye na zuba, ina tunanin yara nawa na wuce ta gabansu a shekara biyu da irin wannan kaya a kansu.

A farkon Fabrairu littafina ya nuna mako goma sha biyu sun cika, na kira Anti. A nan ta warware mini. Akwai dokar ma'aikatan da kamfanonin dillanci ke turawa, wadda aka yi a 2010 ta fara aiki a Oktoban 2011. Ta ce in ka cika mako 12 kana aiki ɗaya a wuri ɗaya, dole a biya ka daidai da abin da za ka samu da a ce makarantar ce ta ɗauke ka kai tsaye. Hutun makaranta ba ya goge ƙirgen, dakatar da shi kawai yake yi, shi ya sa makonni biyun Kirsimeti ba su shiga lissafina ba amma kuma ban koma farko ba. Lissafin kuɗin ba wuya: malami na aiki kwana 195 a shekara, 190 da yara, biyar na horo, don haka sai a raba albashin shekara na matakin da kake da 195, abin da ya fita shi ne kuɗin yininka.

Na zauna na raba. Na ɗauko takardar biyana ta mako na goma sha uku, na ga ba abin da ya canza. Na jira ta goma sha huɗu, haka. Na kira kamfanin, aka ce za a duba. Na sake kira, aka ce ai kuɗin da muka yi yarjejeniya a kansa tun farko ke nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin a makonnin nan ni ce ke zama har shida na yamma ina shirya rahoton tsakiyar shekara. Na tuntuɓi ƙungiyar malamai ta NEU da nake ciki, suka nuna mini yadda zan rubuta buƙatata a takarda, da ranar da na fara da matakin albashina. Bayan wasiƙar aka gyara, aka kuma biya ni bashin makonnin da suka wuce. Ba wanda zai ƙirga maka makonnin nan in ba kai ba.

Ko bayan gyaran, ba zan ce mun zama ɗaya da abokan aikina ba. Wanda kamfani ya turo ba ya shiga tsarin fanshon malamai, inda daga Afrilun 2024 makaranta ke zuba wa malaminta kashi 28.68 cikin 100 na albashinsa, alhali mafi ƙarancin abin da doka ta ɗora wa kamfani irin nawa kashi 3 ne. Da mura ta kwantar da ni kwana biyu a Maris, kuɗin kwana biyun ya tafi. Hutu kuma duk tsawonsa ba abin da ke shigowa, sai abin da ka tara. Wannan rashin adalci ne a ganina, tunda allo ɗaya muke tsayawa a gabansa, kuma ina faɗa ne don mai shiga ya shiga da ido buɗe.

Ga sababbin malamai akwai wata riba da ni ban buƙace ta ba amma na ga ta yi wa wani matashi amfani a makarantar. Tun Satumban 2021 lokacin gwajin sabon malami ya koma shekara biyu. Aikin kwana ɗaya-ɗaya ba ya shiga wannan lissafi, kuma shekara biyar kawai aka yarda mutum ya yi yana irinsa bayan samun QTS in bai kammala gwajin ba. Amma zaman da ya kai zango guda cikakke na iya shiga, in makarantar ta yarda ta yi maka rajista ta ba ka mai ja maka gora. Ba ya faruwa da kansa, sai an nema tun farko.

Daga Maris zuwa Yuni ne na ci moriyar zaman. A daren ganawa da iyaye, minti goma-goma, wata uwa ta shigo fuska a ɗaure ta ce ita ta gaji da malaman wucin gadi. Ban yi musu da ita ba. Na buɗe littafin 'yarta na Nuwamba, na buɗe na Maris, na ajiye su gefe da gefe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni me za ta riƙa yi mata a gida. A darasin kimiyya mun yi makonni a kan lantarki, kuma ina nan ranar da yaron nan mai jerin hotuna ya haɗa waya da batir da ɗan ƙwai, ƙwan ya kama. Ya cire wayar, ya mutu. Ya mayar, ya kama. Ya yi haka ya fi sau goma, sannan ya jawo hannun yarinyar da ke kusa da shi ya nuna mata inda za ta taɓa. Tun zuwana ban taɓa ganin ya fara yi wa wani yaro magana ba sai ranar.

Sai jarrabawar haddar sau da gwamnati ke yi wa 'yan aji huɗu a watan Yuni: tambaya 25 a kwamfuta, daƙiƙa shida kowace, har zuwa 12 sau 12. A Nuwamba rabin ajin na ƙirga sau bakwai da yatsu. Minti goma muka ware kowace safiya bayan kiran suna, ba fashi, wata bakwai. Ranar jarrabawar ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya ce cikinsa na ciwo. Suka shiga shida-shida suka fito suna gardamar wace tambaya ta fi wuya.

A Yuli mai ajin ta fara leƙowa, cikin kwanaki goman da doka ta ba mai hutun haihuwa ta zo aiki ba tare da hutunta ya yanke ba. Yaran suka rufe ta da murna, suna tambayar jariri. Zan faɗi gaskiya, na ji wani abu a ƙirjina, domin zuwa lokacin ina ce musu yarana. Amma ita ta fara karɓarsu, kuma a Satumba dukkanmu za mu miƙa su ga malamin aji biyar. Na rubuta rahoton ƙarshen shekara na kowane yaro zuwa ga iyayensa. Bayan wannan na yi wani aikin da ba a sa ni ba: shafi guda a kan kowane yaro don malamin da zai gaje ni, inda ya tsaya a karatu da lissafi, abin da ke tayar masa da hankali, abin da ke kwantar da shi, wanda ke zuwa ɗaukarsa. Shafi talatin. Abin da na so a ce na tarar a kan tebur ke nan ranar da na zo.

Ranar ƙarshe yaron bakin taga ya je ya ciro shafin Yuli daga kalanda, mai jan zagayen nan, ya tambaya ko zai iya tafiya da shi. Na ce ya ɗauka. Na mayar da makulli da katin shiga a ofis, shugabar makarantar ta ce duk inda nake neman aiki in ba da sunanta a tambaye ta.

Makonni shida na hutun bazara muka ci daga abin da na riƙa warewa tun Fabrairu. A ƙarshen Agusta wani kamfanin ya kira: aji uku, zango biyu, wata makaranta a kudancin kogin Tems. Na ce su turo mini a rubuce ranar farawa, ranar gamawa, lokacin shirya darasi, da abin da za a biya ni daga mako na goma sha uku. Suka turo. Na kuma roƙi makarantar ta bar ni in zo ranar horon malamai, kwana ɗaya kafin yara su dawo, don in zauna da mataimakiyar ajin mu bi sunayensu.